Jan Zaren da Na Samo a Ƙasar Mayahi

Tun da na dawo daga zangon 'yan sukut ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Duk wanda ya miƙo mini kofi sai idonsa ya sauka a kan jan zaren da ke wuyan hannuna, daga nan tambaya ta tashi. Wani ya ce laya ce, wani ya ce likita ne ya sa mini alamar hawan jini. Sai ka ce Makka na je, alhali ƙasar Mayahi ce, nan kusa. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya na ji an ce wai kada ne ya koro ni daga ruwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa takarda in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Laminu. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Maijirgi, kuma ni ne shef na 'yan sukut ɗin garin, yaran nan da kuke gani da ƙyalle a wuya suna share kasuwa. Yara da iyayensu duk Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a nan.

A ƙarshen damina, kafin a koma karatu, takarda ta zo mana. Za a yi zango na kwana biyar a bakin wani babban tabki a ƙasar Mayahi, kowace ƙungiya ta kawo yara shida, za a koya musu tuƙa kwalekwale. A ƙasan takardar an ce kowane shef ya rubuta wa ya iya ruwa, wa bai iya ba, ya kuma rubuta kansa.

Ni ba na son aikin ganin dama, don haka na kwashi yaran zuwa tabkin bayan gari in gwada su. Na tsaya a gaɓa da usur a baki da agogo a hannu. Biyar suka faɗa, suka yi ta dukan ruwa da ƙafa har suka kai wancan gefe suka dawo. Sabi'u, wanda ya sa wa kansa suna Tarwaɗa, shi ya zo na ɗaya, ya fito yana buga ƙirji. Na rubuta su duka sun iya. Na rubuta kaina ma, domin haka na yi ta ƙetare wannan tabki tun ina ɗan shekara bakwai. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne yadda muke ƙetare shi. Ruwan tabkinmu ja ne kamar kunun kanwa, ba ya tona asirin kowa. Ƙafafu na sama suna fantsama, hannuwa kuwa na ƙasa suna tafiya a kan laka. Mu a wurinmu wannan shi ne iyo, ba mu san wani ba.

Na shida bai shiga ba. Illiyasu ke nan, ɗan Malam Tsahiru tela, yaro mai shekara goma sha huɗu wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Duk garin an san dalili. Shekara uku da suka wuce wansa Bashiru ya nutse a ramin masu birgi, wato masu buga tubali, kududdufin nan mai zurfi da ke gabas da gari. Tun daga ranar Malam Tsahiru ya hana 'ya'yansa kusantar ruwan da ya fi na buta. Shi kansa in zai je gona sai ya zagaya ta bayan maƙabarta don kada ya ga ramin. Na rubuta a gaban sunan Illiyasu cewa bai iya ba.

Samun izinin tafiyarsa shi ne aikin da ya fi ba ni wuya. Sau uku ina zuwa shagon. A na ukun Malam Tsahiru ya tsayar da keken ɗinki, ya cire tabarau.

"Mushe, yaron ga ya hana ni sakat da maganar tahiyar ga. Amma ka san abin da ya same ni."

"Na sani, Malam."

"To ga sharaɗi. Ba shi shiga ruwa. In kuwa ya zama dole, ku shiga tare. Inda ƙahwarka ba ta je ba, kada tashi ta je. Ka iya ruwa dai ko?"

Na ce masa tun ina yaro. Na miƙa masa hannu, ya riƙe ya daɗe bai saki ba. Na fito ina jin nauyin abin, amma ban ji tsoro ba, don a ganina alkawari ne mai sauƙin cikawa.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga motar Tasawa, mu bakwai da tukunya da buhun gero da tabarmi. A tashar Tasawa aka ce mu jira kamyon, babbar motar kaya, da zai bi hanyar Mayahi, yanzun nan zai tashi. Wanda ya san tasha ya san "yanzun nan" ba ta da agogo. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar. Na sayi kilishi don in kai wa mai masaukinmu tsaraba, na ba Tarwaɗa ya riƙe. Kuskure ne da ba zan sake ba. Da muka tashi, abin da ya rage a takardar bai fi tafin hannu ba, kuma duk su biyar suna rantsuwa da leɓɓa jajawur cewa iska ce ta busar da shi ya ƙanƙance.

Kamyon ɗin na wani ne da ake kira Na-Allah, kuma sunan ya dace da motar, don da ikon Allah kaɗai take tafiya. Muka hau baya tare da awaki huɗu da buhunan wake da wata tsohuwa Bafillatana mai ƙwarya uku, wadda ta ce duk wanda ya taɓa mata su zai ga abin da ya gani. Hanya ta jan ƙasa ce, damina ta ci gefenta. Sau biyu muna sauka mu tura. A turi na biyu murfin tukunyarmu ya faɗi ya gangara cikin gonar gero, yara uku suka bi shi, mai gonar ya biyo su da hauya yana zaton ɓarayin zangarniya ne. Sai da na nuna masa ƙyallen wuyana na yi masa dogon bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai ga amfanin tara yara a kai su ruwa ba alhali ga wake na jiran tsinka. Na karɓi murfin muka koma mota.

Iyakar da muka ƙetare ba ta ƙasa da ƙasa ba ce. Igiya ce aka ɗaure tsakanin ganga biyu, an rataya mata tsummoki, jandarma na zaune a inuwar itacen bedi. Ya karɓi takardun izinin iyaye, ya kira sunan kowane yaro ya dubi fuskarsa, aikinsa tsaf. Da ya ji inda za mu sai ya yi dariya.

"Mutanen Maijirgi za ku ruwa? Sunan garinku dai da jirgi, amma ina kunka taɓa ganin shi?"

Tarwaɗa ya ce masa shi ko teku aka kai shi sai ya ƙetare. Jandarman ya ce Allah ya sa, ya sauke igiya.

Mun shiga Mayahi ana kiran magariba. An sauke mu a wani aji na lakwal, aka ture tebura gefe muka shimfiɗa tabarmi. Shef Amadu, wanda shi ne shugaban zangon gaba ɗaya, ya zo ya yi mana barka da zuwa. Dogo ne, ba ya dariya sai da dalili, kuma ya yi shekaru yana aiki a bakin babban kogi can yamma. Na miƙa masa ragowar kilishin ina ba da haƙuri, ya duba ya ce ai ko ƙamshin ma tsaraba ne. Matarsa ta aiko mana da tuwon gero da miyar yakuwa. Tuwonsu ya fi namu tauri, furarsu kuma ta fi tamu tsami, su kuwa suna cewa tamu ruwa ce aka yi wa barazana da gero. Ba mu yi gardama ba tunda a gidansu muke, mun dai cinye.

Washegari amalanken jaki uku suka kai mu tabkin. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanensa sun ga abin da ya isa. Da muka hango ruwan yaran suka saki baki. Namu tabkin in ka jefa dutse sai ya faɗa wancan gefe. Wannan kuwa mutumin da ke tsaye a ɗaya gaɓar bai fi tsawon yatsa ba. Kuma ruwan ba ja ba ne. A bakin gaɓa kana ganin ƙafarka a ciki, gaba kaɗan sai ya koma baƙi.

A gefe akwai bukkokin masunta, mutanen Najeriya ne da ke zuwa kowace shekara bayan damina. Hausarmu ɗaya, amma abin da muke kira isansi su fetur suke ce masa, kuma sun yi ta dariyar yadda muke ƙirga kuɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki 'ya'yansu ne. Mu a gida in yaro ya nufi ruwa sai uwa ta bi shi da tsumagiya. Su kuwa na ga mace tana wanke kifi, ɗanta da bai fi shekara huɗu ba yana can inda ruwa ya sha kan babba, ko waiwaye ba ta yi. Na tambayi babbansu, wani tsoho da ake kira Baba Ɗanyawuri, ko ba sa tsoro. Ya ce tsoron ne ya sa suke koya musu da wuri. A lokacin na ɗauki maganar a matsayin irin ta tsofaffi, na wuce.

Bayan an kafa tantuna Shef Amadu ya tara mu, ƙungiya biyar, ya karanta dokar ruwa. Ya ce takardun da muka cika ya gani, ya gode, amma shi bai san takarda ba, ruwa ya sani. Kowa sai an gwada shi, yaro da shef. An ɗaure kwalekwale biyu a inda ruwa ya fi tsawon mutum, an shimfiɗa katako a kansu. Daga nan za ka faɗa, ka yi iyo zuwa wani bido ruwan ɗorawa, wato jarkar roba, da ke yawo can gaba, ka zagaye shi ka dawo, sannan ka kwanta rigingine a kan ruwa har a ƙirga sittin. Wanda ya yi duka a ɗaura masa koren zare, ya shiga ko'ina, ya hau kwalekwale ranar ƙarshe. Wanda ya yi rabi a ba shi ruwan ɗorawa, shi ma zai hau amma da rigar iska. Wanda ya kasa ko ya ce ba zai gwada ba, jan zare, iyakarsa wurin da aka kewaye da igiya, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Doka ta biyu, ba mai shiga ruwa shi kaɗai. Kowa da abokin ruwansa, in an busa usur ku kama hannun juna ku ɗaga. In zarenku ya bambanta, mai ƙarfi ne ke bin mai rauni.

Na ce Illiyasu ne abokin ruwana. Na ji daɗin dokar ma, don ta zo daidai da alkawarina. Na ce a raina zan haƙura da kwalekwale in zauna da yaron a wurin jan zare, sadaukarwa ce irin ta shef.

Mutanen Mayahi suka fara, rabinsu suka samu kore. Aka kira Maijirgi. Baba Ɗanyawuri ya kai mu kan katakon, ya tsaya da wata doguwar sanda a hannu. Tarwaɗa ya leƙa ruwan, ya ga ba ya ganin ƙasa, sai ya ce cikinsa na murɗawa tun kilishin jiya. Sauran huɗun suka koma bayansa. Illiyasu ya ce shi a ba shi ja kawai. Yaran Mayahi na gaɓa suna kallo, har an fara ƙus-ƙus. Raina ya ɓaci. Na tuɓe riga na miƙa wa Illiyasu, na ce su buɗe ido su ga yadda ake yi. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na faɗa. Na miƙa hannuwa ƙasa kamar yadda na saba shekara talatin da wani abu, ina jiran laka ta tarbe ni. Babu laka. Na ƙara miƙawa, babu. Na sauke ƙafa in tsaya, nan ma babu. A nan ne na fahimci abin da muke yi a tabkin Maijirgi, kuma wurin bai dace da fahimta ba. Na buɗe baki in yi magana, ruwa ya shiga. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma abin da ya zo mini a rai ba matata ba ce ko 'ya'yana, fuskar Malam Tsahiru ce lokacin da yake tambaya ko na iya ruwa.

Sai na ji an cafki gashin ƙeyata an ɗaga kaina sama. Wata murya a bayan kunnena ta ce, "Mushe, ku bar harbi. Ku kwanta kawai." Kafin in gane muryar, sandar Baba Ɗanyawuri ta taɓa ƙirjina, na rungume ta kamar uwata. Aka jawo ni kan katako ina amayar da tabki. Da na buɗe ido sai na ga Illiyasu a cikin ruwa, a tsaye a inda babu wurin tsayawa, yana motsa hannu a hankali. Rigata na can tana yawo.

Shef Amadu bai yabe shi ba. Ya yi masa faɗa a gaban kowa, ya ce wanda ke nutsewa ba a faɗa masa, sanda ake miƙa masa ko a jefa masa bido, don mai nutsewa ba ya sanin ɗan'uwa, da wanda ya zo ceto yake tafiya. Da ya gama sai ya ce tunda ya riga ya jiƙe, ga bido can. Illiyasu ya je ya zagayo ya dawo ba tare da ya fantsama ruwa ba, ya kwanta rigingine har aka ƙirga sittin, aka ƙara ashirin don mai ƙirgar ya shagala. Aka ɗaura masa kore. Ni da sauran biyar aka ɗaura mana ja. Tsohon ne ya ɗaura mini nawa, ya ƙulle shi sau uku, ya ce, "Malam, ba kai ne na farko ba. Kifin rijiya ma yana cewa ya san ruwa."

Da la'asar na sami Illiyasu a bayan tanti yana shanya rigata.

"Ina ka koya?"

Ya gama shanya rigar. Sannan ya ce, "Ramin birgi."

"Inda Bashiru..."

"Nan. Ina wurin ranar, Mushe. Ina bisa gaɓa ina kallo, ban iya komi ba. Da damina ta zagayo sai na riƙa zuwa in Baba ya tahi kasuwar Tasawa. Da bido na hwara."

Ya roƙe ni kada in faɗa wa babansa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Kwana ukun da suka biyo baya, duk wanda ya zo bakin tabkin ya ga abin kallo. Yaron da ya fi kowa iya ruwa a zangon yana cikin igiyar 'yan jan zare, ruwa iya ƙugu, saboda abokin ruwansa ja ne. In an busa usur sai ya kama hannuna mu ɗaga, kore da ja. Shef Amadu ya ce zai iya sauya masa aboki, na gaya masa alkawarin da na ɗauka, ya ce to wannan ba dokarsa ba ce, ba zai taɓa ta ba. Amma ya ce za a sake gwaji ranar Laraba. In na samu ko ruwan ɗorawa ne, mu biyu za mu hau kwalekwale ranar Alhamis.

Illiyasu ya zama mushe, ni na zama ɗalibi. Yana tallafe bayana da tafin hannu yana cewa in saki jiki, ni kuwa jikina ya ce bai san wannan magana ba. Matan masunta na kawo mana kifi soyayye da garin rogo, suna tsayawa su ba da tasu shawara. Wata ta ce in daina kallon sama kamar mai neman wata. Na sha ruwan tabkin nan har na fara bambance ɗanɗanon safe da na yamma. Tarwaɗa kuwa, da ya daina cika baki, sai ga shi ya koya da gaske. Yaran masunta sun sauya masa suna zuwa Kwaɗo, kuma ya amsa.

Ranar Laraba Tarwaɗa da wasu biyu suka samu ruwan ɗorawa. Ni na faɗa, ban nutse ba, wannan ci gaba ne. Na yi iyo kamar tsawon tabarma huɗu, sannan na tuna babu ƙasa a ƙarƙashina, hannuwana suka koma neman laka da kansu. Sanda ta sake zuwa. Baba Ɗanyawuri ya duba zarena ya ce ƙullin na nan da kyau, ba sai an sake ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka jera kwalekwale shida. Yara na ta sa rigar iska suna ihu. Ni da Illiyasu muna zaune a gaɓa. Na dube shi, idonsa na kan jiragen, yana murza koren zarensa. Kunya ta ishe ni. Don wannan ranar ya yi wata guda yana roƙon babansa, kuma ba abin da ya hana shi sai ƙaryar da na yi wa kaina.

Na ce, "Tashi ka je. Shef zai ba ka wani aboki. Ba wanda zai hwaɗi a gida."

Bai motsa ba. Ya ce, "Ni Baba hana ni ya yi, ban ce mashi na bari ba. Ku kuwa hannu kunka ba shi. In na tahi, ku ne za ku zama maƙaryaci."

Muka zauna har jiragen suka kai tsakiya suka zama ƙanana. Muna jiyo muryar Tarwaɗa daga can yana ba da umarni. Ban taɓa jin na ƙanƙance a gaban ɗalibina kamar ranar ba.

Dawowa ba ta da labari sosai. Motar da muka samu ta fi ta Na-Allah lafiya, jandarman da ke tsaron igiya wani ne daban, murfin tukunya kuma na zauna a kansa. A tashar Tasawa na lura Illiyasu ya ciro reza zai yanke zarensa. Na ce ya dakata. Na ce masa ni zan je in faɗi abin da ya faru da ni, don ba zan iya ɓoye shi ba, yara biyar sun gani. In na faɗi nawa kuwa, nasa zai fito. Ya mayar da rezar aljihu.

Mun sami Malam Tsahiru a shago, ƙaramin ɗansa Nura na zaune a ƙasa yana tsintar ƙyallaye. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ga amanarka. Alkawari kuma ban karya ba. Sau ɗaya ya shiga ruwa mai zurfi, kuma tare munka shiga. Sai dai ni na riga shi, kuma shi ya hiddo ni."

Na ba shi labarin duka, har da tambayar da ya yi mini da amsar da na ba shi. Na nuna masa zarena na gaya masa ma'anarsa, na nuna na yaron. Bai katse ni ba. Da na gama ya juya wajen ɗansa.

"Ina ka koya?"

"Ramin birgi, Baba."

Na ga hannun Malam Tsahiru ya kama gefen keken ɗinki. Nura ya daina abin da yake yi. Na shirya in shiga tsakani in abin ya kai ga duka.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Damina nawa?"

"Biyu."

Malam Tsahiru ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. Ya kamo hannun yaron, ya daɗe yana duban zaren, yana juya shi da yatsa kamar mai duba ɗinkin wani. Sannan ya tambaye ni, wannan sandar da na ce tsohon na riƙewa, tsawonta nawa? Na ce ta kai mutum biyu da rabi. Ya gyaɗa kai, ya ce mu je mu huta.

Ban san inda maganar ta kwana ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Nura ya zo gidana ya ce Baba na kira, in zo da gajeren wando. Na bi shi, sai na ga ba shago muka nufa ba, gabas muka yi. A bakin ramin birgi na tarar da Illiyasu ya tuɓe riga, ga bido biyu an ɗaure da igiya. Malam Tsahiru na tsaye a kan gaɓar da ya yi shekara uku bai taka ba, riƙe da wata doguwar sanda sabuwar sara, ko ɓawonta ba a gama feƙewa ba. 

Ya ce, "Illiyasu, hwara da ƙanenka. In ya gaji ka kama mushenku. Ni ina nan."

To, wannan shi ne labarin zaren. Ruwan ramin zai kai ƙarshen kaka kafin ya ja baya, kuma muna zuwa duk Juma'a da Talata. Nura ya riga ya wuce ni. Na tambayi Malam Tsahiru yaushe zan cire jan, tunda shi ne mai sanda yanzu. Ya ce zare dai ga shi nan cike da shago, kowane launi akwai, amma ba ya ɗinka wa mutum rigar da bai kai sawa ba tukuna.